Shanun Yumɓu na Indo

Daga Gangara, bayan kaka

Zuwa ga ƙanena Ilu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Kumasi, yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau, gero ya shiga rumbu, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Labarin 'yarka Indo zan ba ka. Tun da muka sayar da akuyar nan, ta ce ita za ta yi mana garke. Kullum tana bakin tabki tana gina shanu da yumɓu. Na yi faɗa har na gaji, zane ɗaya gare ta, shi ma duk laka.

Ran kasuwa wata Bafillatana mai nono ta shigo, ta ga shanun jere a gindin rumbu. Ta ɗauki wata mai karyayyen ƙaho ta ce, "Wallahi saniyata ce! Ina kika san ta?" Indo ta ce, "A rijiya na gan ta." Matar ta yi ta dariya, ta cika mana ƙwarya da nono, ta ƙulle saniyar a zanenta ta tafi. Inna ta sha fura ta ƙoshi, ta ce ashe garken nan ana tatsarsa. Ni kuwa daga ranar ban ƙara yi wa Indo faɗa ba.

Indo ta gina makiyayi ma, da sanda da malfa, ta ce kai ne. Sai dai ba fuska. Wai ta manta kamanninka, sai ka zo ta duba ta ƙarasa.

Ka gai da mutanenmu na can, ka sa mu a addu'a. Ragowar yumɓun yana nan, ta rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma kada ya bushe kafin ka iso.

Yayarka,
Hassana