Dutsen da ke Tare Ƙofar Kicin

Zuwa ga Yaya Torquil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rhona da yara. Allah ya sa sanyin Kanada bai matsa muku ba. Mu nan lafiya lau. Tumaki sun haihu, Gwaggo Effie ta samu sauƙin ƙafarta, Baba kuwa da ƙarfinsa, sai dai mantuwa ta fara yi masa sallama.

Dalilin wasiƙar nan shi ne fim ɗin tawaye da aka ɗauka a kwarinmu bara. An nuna shi a zauren coci ranar Asabar. Ka san yadda masu fim suke yi: jarumi ya hau doki ya yi dogon jawabi, mutum dubu su ji shi ba lasifika, a kashe masa budurwa don ya samu dalilin fushi, sannan ya mutu a ƙarshe ana busa. Jarumin kuwa kakan kakanninmu ne, Lachlan, don Baba ne ya ba su labarin. Kwana uku suka yi suna shan shayinmu suna rubutawa. Da ya gaya wa daraktan cewa Lachlan bai mutu ba, gida ya dawo yana jan ƙafa ya girbe hatsinsa, sai mutumin ya ce ba mai sayen tikiti don ya kalli gurgu yana girbi.

Ana gamawa Baba ya miƙe ya tambayi jama'a, in Lachlan ya mutu bai yi aure ba, to mu daga cikin kabeji aka tsinto mu? Aka yi dariya. Dougal mai shago ya ce ya zauna kawai, gata aka yi masa, an mayar masa da ɗan gudun yaƙi gwarzo. Baba ya koma ya zauna. Ni dai abin ya yi mini ciwo.

Ka tuna abin da yake faɗa mana: kafin a fita yaƙi kowa ya ajiye dutse a tsibi guda, wanda ya dawo ya ɗauke nasa, abin da ya rage shi ne yawan matattu. Sun nuna ajiyewar, ba su nuna ɗaukewar ba. Dutsen Lachlan kuwa ka san shi, shi ne ke tare mana ƙofar kicin tun muna yara.

Jiya Baba yana ba ni labarin sai na ji ya sa dokin nan da jawabin a ciki. Shi ma ya ji hakan da kunnensa. An ce gani ya kori ji, abin da yake tsoro ke nan. Ya ce in aiko maka da dutsen tun fim bai cinye masa nasa labarin ba, ka sa wa yaranka Fergus da Ailsa shi a hannu kafin su kalla, ka ce musu mutumin ya dawo.

Ka gaishe mini da Rhona da yaran, da Kawu Hector in kun haɗu. Gwaggo Effie tana gaishe ku. Kada ka yi mamakin nauyin ƙunshin. Tun safe iska ke buga ƙofar kicin, Baba ya hana a sa mata wani dutse.

Taka ƙanwa,
Ishbel