Gwangwanin Ƙarƙashin Gada

Amurka, 9 ga Yuni, 2001

Yaya Rahinatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? An yi shuka a Kausani? Ni lafiya lau, karatu sai godiya.

Akwai tsohuwar gadar jirgin ƙasa a bayan makarantarmu. Nakan zauna can duk Asabar, don kogin ya yi kama da namu. A nan na tsinci wani gwangwani cikin duwatsu, da ɗan littafi a ciki. Kin san Baba da maganar tsintuwa, kwana huɗu na yi ina cigiya! Sai wata malama ta yi dariya, ta ce wasa ne. Da gangan ake ɓoye shi, mutane su nemo da na'urar nuna wuri, su rubuta sunansu a littafin.

Na mayar, na rubuta "Sabo, daga Wudil." Da na koma, na tarar wani ya rubuta a ƙasa: "Ina ne Wudil?" Yaya, watana tara a garin nan, ba wanda ya taɓa tambayata.

Don Allah ki aiko min hoton gadarmu in ajiye masa a gwangwanin. Kada ki karanta wa Inna maganar wata taran nan. Ki ce mata na yi aboki.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Sabo