Saƙon Isufu daga Abijan

Madawa, daren Talata

Yau dai ordinatar asibitinmu, wato kwamfuta, ta gaisa da ta Yamai. Na gyara tsarin musayar saƙonni, modem, na'urar da ke haɗa su, ta kira ta layin talho, ya kama. Na kasa murna.

Saƙon farko da ya sauka na Isufu ne, ɗan Baba Ada, wani dattijo makiyayi daga Garhanga da ya yi jinya wurinmu. Kullum in na wuce sai tsohon ya ce, "Ɗana, injin naka ya yi magana?" In ce mishi, "Sai gobe, Baba."

Isufu ya ce yana tafe daga Abijan bayan girbi. Tun makon jiya saƙon ke jira a Yamai.

Shekaranjiya aka rufe Baba Ada. Gobe ni zan rubuta ma Isufu. Ya Ubangiji, da wace kalma zan fara?