Abin da Na Koya wa Malam Yahuza

Takur, Dutse,
21 ga Afrilu.

Zuwa ga aminina Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Adawiyya da yara da jikoki, kuma an yi sallah lafiya. Yaya kunnen naka? Sau uku ina kiranka, kana ɗaga waya kana ta tambayar wane ne har katina ya ƙare. Shi ya sa na koma takarda kamar zamanin da muke makarantar koyon aikin gona. Direban da ke zuwa Gwaram ranar kasuwa zai kawo maka.

Kai ka huta da ka yi ritaya. Mu da muka rage, makon jiya aka tara mu bita ta kwana uku a nan Dutse. Wata Malama Safina ce ta koyar da mu. Ba ta girmi 'yata ta fari ba, amma ta karanci ƙasa har ta ƙoshi. Abin da ta zo da shi a taƙaice shi ne manomi ya daina share gonarsa ƙal. Duk inda sabara ko kalgo ko gawo ya toho daga tsohuwar saiwa, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Cikin 'yan shekaru su zama itatuwa, su tare iska, ganyensu ya zama taki. Ta kawo ƙasa a kwano biyu, ta gindin itace da ta fili, muka murza da hannu.

Ni ina kujerar baya ina gyaɗa kai kamar kowa, amma ka san abin da ke raina. Duk wannan akasin abin da ni da kai muka yi shekaru muna wa'azinsa ne: a tumɓuke itace don garmar shanu ta yi layi miƙaƙƙe, inuwa tana kashe gero, itace yana tara tsuntsu, takin zamani ya ishi kowa. Haka littafi ya ce, haka muka faɗa, da ƙarfin murya ma.

Da aka raba yankuna, sai Buji ta faɗo a kaina, inda na fara aiki. Ka tuna Malam Yahuza na Unguwar Ashafa, wanda na mayar manomi abin koyi a shekarar casa'in da uku? Gawo goma sha tara muka kayar a gonarsa, aka ba shi takardar yabo, aka sa muryarsa a rediyo. Yana nan da ransa, ya haura saba'in da biyar.

Jiya babban ɗansa, Sale, ya zo nemana ofis. Ya ce gonar ta koma yashi, bara sau uku suna shuka iska tana binnewa. Su 'ya'yan sun fara barin toho, amma tsohon yana bin bayansu da adda yana sarewa, wai ba haka Malam Zailani ya koya masa ba. Yanzu har ya yi magana da mai tarakta zai zo ranar sha biyar ga Mayu, ya yi kaftu mai zurfi, ya fid da saiwoyin gaba ɗaya a huta. Sale ya ce saiwar nan ita kaɗai ta rage wa gonar. In ta fita sai dashe, dashe kuwa awaki da rani ba sa barinsa. Ya ce uban ba ya jin maganar kowa sai tawa.

Na ce masa zan zo. Ban san da wane baki zan yi maganar ba tukuna. In kana da shawara ka rubuto, hannunka dai bai kurmance ba.

Hassana tana gaida Adawiyya. Ka huta lafiya.

Naka,
Zailani.


Takur, Dutse,
5 ga Mayu.

Ɗayyabu,

Amincin Allah ya tabbata gare ka da iyali. Ina fatan zafin nan bai takura muku ba, mu nan Dutse duwatsun kansu sai huci suke. Wasiƙarka ta iso, na karanta sau biyu. Ka ce ba laifinmu ba ne, abin da aka koya mana muka koyar, kuma in ce wa tsohon an samu sabon tsari ne daga sama, kada in zubar da girmana a ƙauye. Na bi shawararka. Ga yadda ta kaya.

Ranar Talata na je Unguwar Ashafa. Mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa, na yi bayani kamar yadda Malama Safina ta yi mana, ina ta cewa an samu sabon bincike, gwamnati ta fito da sabon tsari. Kalmar kuskure ba ta fito daga bakina ba ko sau ɗaya. Mutane suka saurara, wasu suka yi tambaya, aka yi addu'a aka watse.

Malam Yahuza ya riƙe hannuna har gidansa. Ya rame, amma tafiyarsa tana nan. Aka dama fura, ya sa aka kira jikokinsa ɗaya bayan ɗaya su gaishe ni, yana gaya musu ga mutumin da ya buɗe masa ido. Daga nan ya kai ni gonar. Ɗayyabu, ko tsakar gidan amarya ba ta kai ta shara ba. Tun daga wannan iyaka har waccan babu abin da ya kai gwiwa tsawo. Na sa ƙafa ta nutse har idon sawu. Shi kuwa yana ta kallon fuskata yana jiran yabo.

Na sake maimaita masa zancen sabon tsari a hankali. Sai ya yi dariya, ya ce ya gane. Wai ya san aikin gwamnati, an aiko ni ne in faɗa, dole in faɗa. Amma ya lura da ni a wurin taro: a casa'in da uku ina magana ina kallon idon mutane, yau kuwa takarda nake kallo. Saboda haka ya san ban yarda da abin ba, kuma in kwantar da hankalina, ba zai tona ni ba. Tarakta tana nan zuwa ranar da aka sa.

Ka ga inda dabararmu ta kai ni. Mutumin ya karanta ni sarai, fassarar ce kawai ya kuskure.

Da zan tafi na bi ta gefen gonar maƙwabcinsa, Malam Arzika, wanda ya ƙi yarda a taɓa masa itace a wancan lokacin. Na tuna abin da na rubuta a kansa cikin rahoto, cewa mai taurin kai ne, ba ya son ci gaba. Ya rasu tuni, 'ya'yansa ke noma wurin. Gawonsa suna nan tsaye, ƙasar gindinsu baƙa, tumaki suna tsintar 'ya'yan da suka zubo. Na tsaya na ɗan jima, sannan na tada babur.

Washegari na sami Malama Safina da tambayoyi cike da takarda, don ina so in tabbatar ba wani sabon littafin nake haddacewa ba. Ta amsa wasu, wasu ta ce ba ta sani ba. Wannan ya ba ni mamaki, domin ni a shekarunta ban san ana faɗin haka a gaban mutane ba. Na tambaye ta ko ta tabbata da abin da take koyarwa. Ta ce iyakar abin da aka gani ke nan zuwa yanzu, kuma ba za ta yi mamaki ba in nan da shekara ashirin wani ya zo ya gyara mata.

Ba na jin haushinka, shawarar da raina yake so ce ka ba ni. Amma saura kwana goma, kuma ba girmana ne za a kafce ba.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Amininka,
Zailani.


Takur, Dutse,
17 ga Mayu.

Zuwa ga Ɗayyabu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Da fatan kowa yana lafiya, da fatan ciwon ƙafar Adawiyya ya yi sauƙi. Mun ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, amma ko ɗigo bai sauka ba tukuna.

Ban jira amsarka ba. Sai da na ɓata kwana tara ina ƙirƙiro wa kaina ayyuka a ofis, har Hassana ta tambaye ni ko an ɗauke Buji daga inda take ne. Ranar sha biyar da sassafe na kama hanya ni kaɗai, ba takarda, ba rigar aiki. Na sami Malam Yahuza a bakin gonar yana jiran mai tarakta, Sale yana tsaye can nesa ya harɗe hannu.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na faɗa masa kai tsaye. Na ce abin da na koya masa shekara talatin da ɗaya da suka wuce kuskure ne. Na ce ba aiko ni aka yi ba, kuma ba sabon tsari ba ne: gawon da muka kayar su ne suke riƙe da gonar, ni na sa aka kayar, kuma na yi hakan ina ganin na sani alhali ban sani ba. Wannan karon idonsa nake kallo. Ban zaci faɗin hakan zai yi gajarta haka ba, ko minti biyu bai kai ba.

Na ɗauka zai yi faɗa, da ma ya yi. A maimakon haka sai ya soma ba ni labari a natse. Ya ce shekara huɗu na farko gonar ta yi abin mamaki, ya sami dami ɗari da ashirin. Daga ta biyar ta fara ja da baya, bara arba'in da biyu ya ɗaure. Ya ce duk damina yana ganin geron Arzika na gindin gawo ya fi nasa tsawo da kauri, da idonsa yake gani. Mahaifinsa ma ya sha gaya masa tun yana yaro cewa gawo abokin gero ne. Amma duk lokacin da zuciyarsa ta fara raya masa wani abu, sai ya ce mata ta yi shiru, mai ilimin littafi yana ganin abin da ido ba ya gani. Sai ya ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa, ko tsadar taki, ko lalacin 'ya'yansa.

Wannan ita ce maganar da ta tsaya mini a rai, kuma ba na ɓoye maka ta yi mini ciwo. Ni a lissafina itace goma sha tara na raba shi da su. Ashe har idonsa na sa ya daina yarda da shi.

Daga nan ya yi mini tambaya ɗaya. Ya ce, "To Malam, wannan na yanzu, ka tabbata da shi?" Na ce masa ina ganin shi ne daidai, na ga alamunsa a gonaki da yawa, amma wancan ma na tabbata da shi a lokacinsa, don haka ba zan rantse masa ba.

Muna cikin haka tarakta ta iso. Sale ya matso, yana ganin magana ta ƙare, ya fara ba direban haƙuri ya koma. Tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya ɗauki sandarsa, ya taka har tsakiyar gonar, ya ja layi a ƙasa daga kudu zuwa arewa. Ya ce a kafce ɓangaren yamma kamar yadda aka shirya, a bar na gabas da tohonsa, kada wanda ya taɓa. Sale ya yi magiya, ni ma na sa baki. Tsohon ya ce a'a. Wai sau ɗaya ya taɓa ɗaukar gonarsa sukutum ya ɗora a kan maganar mutum, ba zai sake ba, ko da mutumin nan ɗaya ne ya dawo da wata maganar. Daga yau gonar ce za ta gaya masa. Ya ce in ina so in riƙa zuwa duk kaka a ƙirga dami tare, amma in zo da ido, in bar bayani a gida.

Na tsaya har aka gama. Ina kallo ƙarfen yana fid da saiwoyin sabara da kalgo, wasu sun kai kaurin hannuna, ɗanyu shar a cikin wannan yashin. Shekara talatin ana sare musu kai suna dawowa, cikin awa biyu aka tara su gefe za a yi girki da su. Da na zo ranar Talatar nan da maganar da na zo da ita yau, da wataƙila yana da kwanakin da zai yi tunani, da wataƙila duka gonar ta tsira. Ban sani ba. Rabi dai ya tafi.

Ban ga laifinsa ba. A gaskiya abin da ya yi ya fi duk abin da na taɓa koya wa wani hankali. Da zan tafi ya raka ni har wurin babur, ya yi mini addu'a kamar yadda ya saba, sai dai bai kira jikokinsa su yi mini sallama ba.

Jibi zan koma in nuna wa Sale yadda ake zaɓen reshe a ɓangaren gabas. Na kuma ciro tsofaffin rahotannina, na sami sunan mutum goma sha ɗaya da na taɓa yi wa irin wannan aikin a Buji. Bakwai suna raye.

Kai ma kana da naka Yahuzan a Gwaram, ka fi ni sanin sunayensu. In za ka je, ka aiko direban nan ya gaya mini, in zo in kai ka a babur. Ruwa ya kusa sauka, masu tarakta kuma sun fara yawo.

Allah ya bar zumunci, ya sa mu gama lafiya.

Naka har kullum,
Zailani.