Madobiya da jan biri a Durba

Litinin, 9 ga Satumba, 2024
Damina uku ke nan rabona da Jalingo. Ofishin gandun daji ya jefo ni Kibiya ya manta da ni. Matata Barira ma ta daina tambayar yaushe zan dawo.

Laraba, 11 ga Satumba
Malam Munzali, mai gona a gindin dutse wajen Durba, ya wasa gatari. Jajayen birai sun dami gyaɗarsa, kuma a kan bishiyoyin madobiya tara na bakin gonar suke kwana. Irin wannan biri ba ya kwanan taro, kowanne da bishiyarsa. To a ganin Malam, bishiya ɗaya ta faɗi, biri ɗaya ya tafi.

Na ce masa biri dabba ne, ƙafa gare shi, in ya matsu ya sake dutse. Madobiya kuwa dangin wake da gyaɗa ce, inda ta tsiro nan za ta mutu. Masana sun sa ta cikin masu dab da ƙarewa, shi biri bai kai can ba tukuna.

"Dangin gyaɗa? To ta ba ni buhu ɗaya mu gani, Malam Gandu."

Ban ga laifinsa ba. Iyali gare shi. Ni albashi nake ci, ko da a makare.

Juma'a, 13 ga Satumba
Ya sare biyu. Biran suka koma na kusa. Gyaɗa dai ana ci.

Asabar, 21 ga Satumba
Na roƙe shi ya ajiye gatari, ni zan yi masa gadi, safe zuwa la'asar, har a cire amfani. Ofis ba zai yarda ba, sai na ɗauki hutuna na shekara. Gwangwani da sanda, ina korar biri. Ni, mai difloma guda!

Lahadi, 6 ga Oktoba
Ba wanda na yi wa magana yau sai biri.

Juma'a, 18 ga Oktoba
An cire gyaɗa, hutu ya ƙare a kan dutse. Munzali ya ce in ban ci tuwo a gidansa ba, kada in ƙara gaishe shi. Na je. Muna ci na ce gyaɗarmu ta yi kyau. Ya dube ni, ya turo min miya.

Madobiya bakwai a tsaye. Biri tara, ba wanda aka harba. Abin da na tsirar ke nan.