Kwando a Bangon Gabas

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Poland. Yaya ƙafarki da sanyin Salonika? Yaya Djoya da jaririnta? Ni lafiya lau. Gwiwar tana ɗan kumbura bayan wasa, amma ina lallaɓa ta. Kada ki damu da ihun da Kawu Mentesh ya ji a talabijin. 'Yan kallo ba a raba su da baki, kuma "Bayahude" ba zagi ba ne a kunnena.

Zauren da muke ƙwallon kwando tsoho ne. Ran Talata ƙwallo ta daki bango, fenti ya ɓantare, sai ga haruffanmu na Ibrananci a ƙarƙashi. Abokin wasana Zbyshek ya ce, "Au, ba ka sani ba, dogo? Wurin ibadarku ne kafin yaƙin duniya. Miƙo ƙwallon mana!"

Mama, kwandon a bangon gabas yake, daidai inda ake ajiye Attaura. Tun zuwana nake jifan wurin, ana tafa min.

Jibi Baba ke cika shekara da rasuwa. Na karaɗe garin nan ina neman Yahudawa tara su cika mu goma a yi masa addu'a, tunda ba ta yiwuwa sai da goma. A maƙabarta kaɗai na same su. Ki roƙi Kawu ya tsaya a madadina, Allah ya saka masa. Ki aiko min da man zafin nan.

Ranar muna da wasa a zauren. Da mu da abokan karawarmu, mu goma ne cif a fili. Zan fuskanci gabas in karanta a zuci, ko da babu mai cewa amin.

Ɗanki,
Mordo