Manhajar da Matan Toranke Suka Ƙi Yi wa Magana

Anti Khaula, ki taimake ni, kunya ta hana ni zuwa Toranke, garin mahaifiyata.

Ni ɗan Gaya ne, ina haɗa manhajojin waya. Gwaggona Hansai, shugabar mata manoman gyaɗa a Toranke, ita ta tsaya mini aka ba ni aikin manhajar rajistar rabon iri. Tsarin gaggawa na bi: ka haɗa samfuri, ka nuna wa masu amfani da shi, ka gyara. Sau uku ina nunawa, amma a Ajingi, gaban sakataren ƙungiyar manoma Malam Goni da abokansa. Kullum sai su ce madalla. Ko mace ɗaya ban tambaya ba, ina ganin hanyar Toranke za ta ci mini lokaci.

Saboda yawancinsu ba su yi boko ba, sai na sa kowace ta faɗi sunanta da na mijinta, waya ta naɗa, ba tsallakewa. Har daɗin dabarata nake ji. Ni da ban taɓa jin Innata ta kama sunan Baba ba! Ranar rajista manyan mata suka rufe baki da mayafi, suka koma gida. Saura kwana shida a rufe, mata arba'in na shirin rasa iri, Gwaggo kuma ta daina ɗaga wayata. Na yi nadama ƙwarai.

Mai Nadama, Gaya

Mai Nadama,

Laifin ba duka naka ba ne. Malam Goni ya san matan nan, ya kamata ya yi magana. Amma ka san mutanenmu ba sa kushe aikin baƙo a gabansa, kuma ba Malam Goni ne zai riƙe wayar ba. Saurin da tsarin yake nufi shi ne saurin komawa wurin masu amfani, kai kuma nan ka yanke.

Bar kiran waya. Gobe ka shiga mota ka je ka durƙusa gaban Gwaggo. Roƙe ta ta nuna maka yadda take gane matanta, da laƙabi ne ko da sunan gida, ka gina a kan haka. Ka miƙa wa tsofaffi uku wayar, ka yi shiru ka ga inda suke tsayawa. Ka tafi da takarda da biro, ko manhaja ta ƙi, sunaye arba'in su shiga kafin a rufe.

Irin ne gaba da manhajarka. Allah ya huci zuciyar Gwaggo, ya ba su damina mai albarka.

Anti Khaula